Maharbin Gizo-gizo na Tsibirin Kangaru: Dogon Wuya, Gajeriyar Tafiya

A watan Disambar 2019 tsawa ta kunna wuta a Tsibirin Kangaru, wanda ke kudu maso yammacin birnin Adelaide a ƙasar Ostireliya. Kafin a shawo kanta a farkon 2020, ta lashe kusan rabin tsibirin, mai faɗin murabba'in kilomita 4,400. Hotunan da suka zaga duniya a lokacin na kowala ne da kangaru, gashi a babbake, ana ɗura musu ruwa. Amma can gefe akwai 'yan tsirarun masana da gabansu ya faɗi saboda wata halitta da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, wadda babu mai ɗaukar hoton da ya kama ta tana tserewa, don ita ba ta san gudu ba. Wani ɗan gizo-gizo ne, sunansa a wajen masana Zephyrarchaea austini. A lokacin, duk faɗin duniya wuri ɗaya tak aka san yana zaune, wani keɓantaccen daji da ake kira Western River a arewa maso yammacin tsibirin. Wutar kuwa ta kansa ta bi, ta ci shi ƙurmus.

Ta yaya gobara guda za ta iya share nau'in halitta ɗungurum daga doron ƙasa, alhali danginsa sun ga zamanin dinoso, sun kuma ga bayansa? Amsar tana jikinsa. Sai mutum ya san yadda ƙirarsa take kafin ya gane abin da ya sa duniyarsa ta ƙuntata haka.

Wuyan da ba wuya ba

Gizo-gizon da kowa ya sani jikinsa kashi biyu ne. Na gaba kai ne da ƙirji a cure wuri guda, ɓawo mai tauri ya rufe su, daga nan ƙafafu takwas suka fito. Na baya ciki ne mai taushi, inda kayan ciki da gaɓoɓin fitar da zare suke. Wuya kam babu shi ko na misali. A gaban baki akwai gajerun muƙamuƙai biyu, kowanne da fiƙa a ƙarshensa, ta cikinta dafi yake fita. Da yake muƙamuƙan gajeru ne, duk gizo-gizon da zai yi cizo dole ya rungumi abin da zai ciza, ƙirji da ƙirji. In ƙuda ne ko sauro babu damuwa, ba su da abin ramawa.

To, dangin da ake kira Archaeidae, waɗanda ɗan tsibirin nan yake cikinsu, ba ƙuda suke ci ba. Abincinsu gizo-gizo ne ɗan'uwansu, mai fiƙa irin tasu da dafi irin nasu, wani lokacin ma wanda ya kai su girma. Shi ya sa Turawa suka laƙaba musu sunan da ke nufin masu kisan mummuƙe. Wanda kuwa zai kara da mai wuƙa a hannu, babbar dabararsa kada ya yarda a haɗa jiki. Duk abin ban mamakin da ke jikin wannan halitta, in ka bi shi a hankali, kan wannan buƙata guda yake komawa: tazara.

Ɓawon da ya rufe kai da ƙirji, maimakon ya kwanta kamar na sauran, sai ya miƙe sama, gefunansa biyu suka naɗo suka haɗe ta gaba, ya zama tamkar bututu. A saman bututun akwai wani ƙullutu mai kama da kai. Nan idanu takwas suke, nan kuma muƙamuƙan suka ɓullo ta wata kafa. Tsawonsu ya yi daidai da na bututun, kuma idan ba a aiki suna kwance ne a jikinsa, bakinsu na kallon ƙasa. Wanda ya dube shi ta gefe a madubin ƙara girma zai rantse tsuntsun kwasakwasa ne ya sunkuyar da dogon bakinsa a kan wuya. Daga nan sunansa na biyu ya samo asali, gizo-gizo mai siffar kwasakwasa, sunan da ya fi raba gardama, tunda akwai wasu dangogin dabam da su ma gizo-gizo suke ci.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, bakin ba a kan yake ba. Yana nan ƙasa inda yake ga kowane gizo-gizo, a gindin wuyan, kusa da inda ƙafafun gaba suka fito. Wato ba ta saman nan abinci yake shiga ba. Wannan wuya hasumiya ce aka kafa don a rataye muƙamuƙai a samanta, tare da tsokokin da ke ɗaga su da sauke su. Da zarar ka gane haka, sai ka ga abin da ya sa tsawon wuya da na muƙamuƙi suke tafiya tare. In da muƙamuƙan ne kaɗai suka yi tsawo, mahaɗarsu na nan ƙasa daf da baki, da sun riƙa jan ƙasa, kuma da abin da suka kama ya tsaya can nesa, ba yadda za a kai shi baki. Da aka ɗaga mahaɗar sama da gwargwadon tsawonsu, sai ya zama in sun buɗe sun kai nesa, in sun rufe kuma ƙarshensu ya sauka daidai kan baki. Lissafi ne mai tsafta, babu ragi babu ƙari.

Fiƙar kanta ba ta da wani tsawo. Kusa da ita, a ɓangaren ciki na muƙamuƙin, akwai jerin wasu tsinkaye masu tauri kamar ƙananan turaku, su ne suke taimakawa wajen riƙe abin da aka soka kada ya suɓuce. A ɓangaren waje kuma akwai wasu siraran zane-zane a jere kamar na magagari. Gizo-gizon yana goga 'yan gajerun hannuwan da ke gefen bakinsa a kansu, su ba da wata girgiza da kunnen mutum ba ya kamawa, wadda masana suke dangantawa da neman aure tsakanin namiji da mace.

Ƙafafun sirara ne dogaye, biyun gaba sun fi sauran. Cikin a dunƙule yake, a nau'o'i da dama na Ostireliya har da 'yan tozaye a bayansa. Launinsa na ƙasa-ƙasa ne, babu ado, babu ƙyalli. In ya naɗe ƙafafu ya lafe, ba ka raba shi da ƙwayar iri ko ɓarɓashin ganye. In an taɓa wurin da yake, sai ya saki jiki ya faɗo, ya yi lamɓo kamar matacce. Gaba ɗayan dangin, daga ƙaraminsu zuwa babbansu, tsawon jikinsu tsakanin milimita 2 ne zuwa 8. Ga mutum ba su da wata illa.

Yadda ake farautar maharbi

Ba ya saƙa yanar kama abinci. Da rana yana rataye, ƙafafu sama, a ƙarƙashin ganye ko a jikin siririn zare, ko motsi ba ya yi. Sai dare ya yi yake fita.

Kusan kowane gizo-gizo, duk inda ya bi, yana barin zare a bayansa. Igiyar tsira ce: in ya zame ko ya yi tsalle don kauce wa haɗari, ita za ta riƙe shi. Wannan igiyar tsirar ita ce sawun da maharbin yake bi. Yana tafiya da ƙafafu shida, sau da yawa a kife, biyun gaba kuma a ɗage yana kaɗa su a iska, yana zagayawa da su kamar makaho da sandarsa. A jikin ƙafafun gizo-gizo akwai gashi da wasu 'yan tsaga-tsaga masu jin motsin iska da girgizar da ba ta kai a kira ta girgiza ba. Da su yake gani a cikin duhu, fiye da idanun nan takwas. In ya ci karo da zare, sai ya bi shi a hankali, a hankalin da mai kallo zai ƙosa ya tashi. Yana iya shafe sa'o'i a bakin yanar wani yana jira.

Ga mai yana, yanarsa ita ce idonsa da kunnensa. Duk abin da ya taɓa ta, labari ya iso masa: wannan iska ce, wannan ganye ne, wannan ƙwaro ne ya faɗo. Maharbin yana amfani da wannan amanar da ke tsakanin mai gida da gidansa. Sai ya ɗan taɓa zaren da ƙafar gaba, ya ja ya saki, mai gida ya taso da saurinsa yana zaton kalaci ya samu. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Yana shigowa inda hannu zai kai, muƙamuƙan nan biyu da suke kwance a jikin wuya sai su tashi su miƙe gaba, har kusurwar digiri 90, su soke shi.

Abin da ke biyo baya shi ne ainihin hikimar. Maharbin ba ya janyo abin da ya soka. Muƙamuƙi ɗaya yake saukewa ya mayar jikin wuya, ya bar ɗayan a miƙe, da gizo-gizon a tsire a ƙarshensa yana shure-shure a iska. Wanda aka soka yana da fiƙa, yana da dafi, yana da zaren da zai iya naɗe abokin gaba da shi, amma duk babu wanda zai kai. Tazarar ba ta wuce 'yan milimitoci ba, sai dai a duniyar da jiki gaba ɗaya milimita 3 ne ko 4, wannan tazara ita ce tsakanin ci da zama abinci. Sai dafi ya gama aikinsa, motsi ya tsaya cak, sannan a sauke muƙamuƙin, gawar ta iso baki. Daga nan kuma irin cin kowane gizo-gizo ne: a zuba ruwan narkarwa, a tsotse.

Wani abin lura, masu binciken da suka ajiye su tare sun ga ba su cika far wa junansu ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Kada a ɗauka su kaɗai suke wannan sana'a. Akwai Portia, wani gizo-gizo mai tsalle da ke kaɗa yanar wasu don ya yaudare su, shi kuma da kaifin ido yake aiki. Akwai dangin Mimetidae, da ake wa laƙabi da 'yan fashin teku, su ma masu kutse ne cikin yanar wasu. Kowa da makaminsa. Kusa da gida kuma, a cikin babban rukunin da ake kira Palpimanoidea, akwai 'yan'uwansu Mecysmaucheniidae na Niyuzilan da kudancin Amurka ta Kudu, waɗanda muƙamuƙansu ke ɗanewa kamar tarko su rufe da saurin da ido ba ya gani. Waɗancan sauri suka zaɓa, masu siffar kwasakwasa kuma tsawo.

An san gawar kafin a san mai rai

Tarihin gano su a juye yake. A 1854 aka buga bayaninsu na farko, aikin wasu Jamusawa biyu, Carl Ludwig Koch da Georg Carl Berendt. Ba a daji suka gan su ba, a cikin daskararren ƙaron itace ne na gaɓar Tekun Baltik, irin wanda ya malalo daga bishiyoyi shekaru kimanin miliyan 40 da suka wuce, ya rufe ƙananan halittu, ya taurare kamar dutse. Suka raɗa wa abin da suka gani suna Archaea paradoxa, kalma ta farko tana nufin daɗaɗɗe, ta biyu kuma abin da ya saɓa wa hankali. Kowa ya ɗauka halitta ce ta zamanin da, wadda ta shuɗe.

Bayan shekara 27, a 1881, wani limamin coci a Ingila mai suna Octavius Pickard-Cambridge, wanda ya ƙware a nazarin gizo-gizo, ya bayyana wani da aka kawo daga Madagaska, ya kira shi Eriauchenius workmani. Ga wuyan, ga muƙamuƙan, ga shi kuma ɗan wannan zamani. Irin abin da ya faru ke nan da kifin silakant, wanda aka sani a duwatsu kawai har sai da aka kamo mai rai a gaɓar Afirka ta Kudu a 1938. Bambancin kawai, kifi babba ne, ya samu jaridu.

Burbushinsu da aka ci gaba da tonowa ya ƙara tura tarihin baya. An same su a daskararren ƙaro na Myanmar mai shekaru kimanin miliyan 99. An same su a duwatsun Kazakistan, da na Mongoliya ta Ciki a ƙasar Sin, inda shekarun suka kai kimanin miliyan 165. Dubi wuraren da kyau: Baltik, Myanmar, Kazakistan, Sin. Sannan dubi inda masu rai suke a yau: Madagaska, kudancin Afirka, Ostireliya. Babu ko ɗaya mai rai a arewacin duniya. Halittar da ba ta iya tsallake fili ba, ba ta yi iyo daga Afirka zuwa Ostireliya ba. Ƙasar ce ta tafi da ita. A lokacin da nahiyoyi suke dunƙule wuri ɗaya, a babbar ƙasar da ake kira Panjiya, dangin sun bazu a cikinta. Da ta tsage, kimanin shekaru miliyan 180 da suka wuce, na arewa suka tafi da rabonsu, daga baya suka ƙare. Na kudu suka zauna a ɓangaren da ake kira Gondwana, shi ma ya farfashe, kowane ɓalli ya ɗauki nasa. Binciken ƙwayoyin gado da masaniyar gizo-gizo Hannah Wood da abokan aikinta suka yi, inda suka haɗa masu rai da burbushi a lissafi ɗaya, ya nuna rabuwar reshen arewa da na kudu ta zo daidai da wancan tsagewar.

Ana yawan kiran su burbushi mai rai. Ni wannan laƙabi bai kwanta mini sosai ba, don yana sa mutum ya zaci halitta ce da ta tsaya cak. Alhali a Madagaska abin ba haka yake ba. A watan Janairun 2018 Wood, ta gidan adana tarihin halittu na Smithsonian da ke Washington, da Nikolaj Scharff na Jami'ar Kopenhegen, suka fitar da nazarin ɗaruruwan samfura daga tsibirin, suka tantance nau'i 26, 18 daga ciki sababbi fil ga kimiyya. A can ake samun masu wuyan da ya fi na kowa, kamar Madagascarchaea gracilicollis, wanda wuyansa siriri ne dogo har mutum ya yi mamakin yadda bai karye ba. Nazarin dangantakarsu ya nuna tsawon wuya mai yawa bai ɓullo sau ɗaya ba, rassa daban-daban ne kowanne ya kai gare shi ta hanyarsa. Na Afirka ta Kudu, gidan Afrarchaea, wuyansu gajere ne, kuma a cikin ganyen da ya zube ƙasa suka fi zama. Jimillar nau'o'in da ke raye da aka sani a yau ta kai wajen 90.

Gida a cikin tafin hannu

A dawo Ostireliya. Har zuwa farkon wannan ƙarni nau'o'in da aka sani a can ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Masanan gizo-gizo Michael Rix da Mark Harvey ne suka bi dazuzzuka da duwatsu, suka fitar da jerin nazari a 2011 da 2012 da ya kai adadin sama da 30. Suka raba su gida biyu: Austrarchaea na dazuzzukan gabas masu ruwan sama, a jihohin Queensland da New South Wales, da Zephyrarchaea na kudu da kudu maso yamma, sunan da aka aro daga iskar yamma ta tatsuniyoyin Girkawa. A cikin wannan gida na biyu aka bayyana ɗan Tsibirin Kangaru a 2012, aka sa masa sunan Andrew Austin, masanin ƙwari na Jami'ar Adelaide. 'Yan wannan gida wuyansu bai kai na 'yan gabas tsawo ba, balle na Madagaska, amma tsarin ɗaya ne.

Abin da Rix da Harvey suka tarar shi ne, kusan kowane dutse ko kurmi da nasa nau'in. Ka hau wannan tsauni ka sami ɗaya, ka sauka ka hau na kusa da shi ka sami wani dabam, sun rabu tun shekaru miliyoyi. A tsaunukan Stirling na Yammacin Ostireliya kaɗai akwai nau'o'i fiye da ɗaya, kowanne maƙale a ƙololuwarsa. Dalili kuwa, Ostireliya a da ƙasa ce mai kurmi da danshi. Cikin miliyoyin shekaru ta riƙa bushewa, kurmin ya ja baya, ya rage sai a kan tsaunuka, da kwazazzabai, da bakin teku inda hazo ke sauka. Masu iya tafiya suka tafi, masu iya jure fari suka jure. Waɗannan ba su iya ko ɗaya ba, suka zauna inda danshi ya rage, kamar kifayen da ruwa ya janye ya bari a kududdufai.

'Ya'yan gizo-gizo da yawa suna da wata hanyar bulaguro mai ban sha'awa: su hau kan tsinke, su ɗaga ciki, su saki zare, iska ta ɗauke su ta kai su nesa, wasu har tsallaken teku. Da haka suke cika sabon wuri bayan gobara ko ambaliya. Maharban nan ba a san su da wannan tafiya ba. Inda aka ƙyanƙyashe su, nan kusa suke rayuwa su mutu. A nau'o'in da aka lura da su, uwa ma ba ta ajiye ƙwai ta tafi, ɗaure jakar take a ɗaya daga ƙafafunta na baya tana yawo da ita, kuma ƙwan ba su da yawa. Harvey ne a 2002 ya tsayar da ma'auni ga irin waɗannan halittu masu ƙuntataccen mazauni: duk wanda iyakar inda yake a duniya ba ta kai murabba'in kilomita 10,000 ba. Ɗan Tsibirin Kangaru ko kusa da wannan adadi bai je ba.

Kuma ko a cikin dajin nasa ba ko'ina yake ba. Ba a ƙasa yake zaune ba, ba kuma a saman bishiya ba. Idan ganye da ɓawo da tsinkaye suka zubo daga manyan itatuwa, wasu ba sa kaiwa ƙasa, sai su maƙale a cikin ciyayi masu tauri da gajerun tsirrai, su taru shekara bayan shekara, su zama wani ɗan dandamali a rataye, kamar tsawon gwiwa ko ƙasa da haka. Cikinsa akwai inuwa da laima, iska tana ratsawa, ruwa ba ya kwanciya. Ƙananan gizo-gizo iri-iri suna kafa yanarsu a ciki, abinci ke nan. Wannan tarin ganyen da mutum zai kwashe da hannu biyu, shi ne gari guda a wajensa, galibi a gefen rafi inda danshi ya fi daɗewa.

Yanzu sai a dubi wannan gida da idon wuta. Busasshen ganye, a rataye, iska na shiga ta ƙasa: ko da gangan aka shirya makamashi ba zai fi haka ba. Gizo-gizon da ke haƙa rami yana iya lafewa a ƙasa wuta ta wuce ta kansa. Tsuntsu ya tashi, kangaru ya ruga. Shi wannan dabararsa ta kare kai ita ce ya faɗo ya yi kamar ya mutu, dabarar da ke aiki a kan tsuntsu, ba a kan harshen wuta ba. Ko ɗaya ya tsira, gidan ya tafi, kuma ba ya dawowa da ruwan farko. Ciyawa tana tsirowa cikin makonni, amma kafin itatuwa su sake yin ganye, ganyen ya zubo, ya maƙale, ya taru har ya riƙe laima, shekaru ake yi. Shi ya sa ake samun su a dajin da ya daɗe bai ƙone ba. Wuta ba baƙuwa ba ce a Ostireliya, tsirrai da yawa ma sai da ita irinsu yake fashewa. Wutar da takan ci nan ta tsallake can, ta bar kwazazzabai masu danshi, daga cikinsu rayuwa take sake bazuwa. Ta 2019 zuwa 2020 ta zo ne bayan fari da zafi mai tsanani, ta shiga har inda wuta ba ta saba shiga ba. Tsaunukan Stirling ma sun ƙone a 2018, suka sake ƙonewa a ƙarshen 2019.

Jessica Marsh, masaniyar gizo-gizo da a lokacin take aiki tare da gidan adana tarihi na jihar Ostireliya ta Kudu, ita ta ɗauki nauyin neman sa bayan gobarar. Neman irin wannan halitta aikin haƙuri ne: a sa faranti ko ƙyalle a ƙarƙashin tarin ganye, a girgiza, a tankaɗe, sannan a zauna a zuba wa ɓarɓashi ido har wani ɗan ƙullutu ya gaji da lamɓo ya miƙe ƙafa. Ga shi kuma dole a yi da taka-tsantsan, tunda abin da ake girgizawar shi ne gidan. An daɗe ana fita ana dawowa hannu rabbana. Sai a 2021 aka dace: guda biyu, mace ɗaya da ƙarami ɗaya, a wani ɗan yanki da wutar ta tsallake, a wajen iyakar inda aka san su da farko. Ƙaramin nan shi ne babban labari, domin yana nufin ana haihuwa.

Biyu dai biyu ne. Hukumomin Ostireliya sun sa nau'in a jerin waɗanda ke daf da ƙarewa, kuma wuta ba ita kaɗai ce barazanar ba. Akwai wata cutar saiwa, Phytophthora cinnamomi, mai bin ruwa da laka, tana maƙalewa a takalmi da tayar mota da kofaton dabba, ta kashe tsirrai daga ƙasa. Ba ta taɓa gizo-gizo ko kaɗan, tsirran da ke riƙe da ganyen take kashewa, dandamalin ya rushe. A lokacin gobarar akwai aladun da suka zama na daji a yammacin tsibirin, masu tone bakin rafi, daidai inda danshin yake, abin da ya sa bayan gobarar aka ƙaddamar da shirin kawar da su. Sannan ragowar dajin da bai ƙone ba yanzu ya zama 'yan tsibirai a cikin tsibiri, kowanne kewaye da sabon toho mai kauri wanda shi ma in ya bushe makamashi ne. Tsakanin wannan yanki da wancan wataƙila tafiyar rabin sa'a ce ga mutum. Ga mai tafiya da ƙafa shida, a kife, yana lalube da biyu, ba shi da hanyar kaiwa sai ganye ya sake taruwa a tsakani.